Sharhin da Na Yi Ban Karanta Ba

Shekarar da na gama littafina na farko na shiga wani guruf na marubuta a waya. Dokarsu ita ce a kowane wata, shugabar guruf za ta haɗa mutum biyu-biyu, kowa ya karanta littafin ɗan'uwansa cikin mako biyu, sannan ya saka sharhi kowa ya gani. Ni aka haɗa ni da wata tela a Rafin Guza, wadda ko muryarta ban taɓa ji ba.

Lokacin aiki ya sha mini kai a ofishinmu da ke Doka. Babi uku kacal na karanta a littafinta, su ma a cikin keke napep, tsakanin Kurmin Mashi da wurin aiki. Labarin wasu marayu biyu ne da kawunsu ya ɗauke su riƙo. Ranar da wa'adi ya cika na zauna a teburina na tsara sharhi mai zaƙi. Na yabi salo, na yabi Hausar, sai na ƙara da cewa kawun nan ya burge ni, don ya tsaya wa yaran tun daga farko har ƙarshe. Mutane suka yi ta sa albarka.

Bayan la'asar saƙon telar ya shigo, ni kaɗai ta turo wa.

"Anti, na gode. Don Allah a wane babi kika tsaya?"

Na buɗe littafin ina tsallake shafuka. A babi na shida kawun ya sayar da gidan marayun ya gudu.

Kwana uku ban amsa ba. In rubuta, in goge. Ina cikin buga takarda sai in tsinci wayar a hannuna, ina leƙa guruf ko ta tona ni. Na sa wa miya gishiri sau biyu. Maigidana ya tambaye ni ko wani abu ya faru a ofis, na ce babu. Ita kuwa ba ta ce uffan a guruf ba, kuma shirun nan ya fi damuna.

Ranar Asabar na nemi kwatancen shagonta na tafi. Ɗan ƙaramin shago ne kusa da mai niƙa, keken ɗinki biyu da tarin atamfofi. Ba ta kai ni shekaru ba. Ta share mini benci da gefen mayafinta.

"Ban karanta ba," na ce tun kafin in zauna. "Babi uku na yi."

"Na sani, Anti. Da kin ce ba ki samu lokaci ba, wallahi da na jira."

Ta jawo wani littafin rubutu na 'yan makaranta daga ƙarƙashin yadi. Shafi bakwai ta cika a kan littafina: inda ta yi dariya, inda ta gaji, inda na manta na canja wa wata mata suna a tsakiyar labari.

"Yabon zan saka a guruf," in ji ta. "Gyaran naki ne, ba na mutane ba."

Na rasa inda zan sa idona. Nan na zauna a kan bencin ina karanta littafinta a waya, tana taka keke, injin niƙa yana ta ƙara, har aka kira azahar. Sauran na ƙarasa washegari.

Ranar Litinin na goge tsohon sharhin, na faɗa wa guruf dalili, na saka sabo. Wata ta turo alamar dariya, shugabar ta ce a kiyaye gaba. Sai na kira telar na gaya mata babi na tara ya yi tsawo, a rage shi.

"A'a, Anti," ta ce. "Wannan kam ba zan taɓa shi ba."

Muka yi kusan rabin awa muna musu, har wata mai karɓar ɗinki ta shigo mata, telar ta ce za ta kira ni in ta sallame ta.