Wench Ɗinmu Mai Ƙera Sarƙa

Yayata Zillah ta rasu a watan Nuwamba na shekarar 1971, tana da shekara saba'in da biyar. Hamsin da biyar daga cikinsu a tsaye ta yi su gaban wuta, tana ƙera sarƙa a bayan gidanmu na Cradley Heath. Ni ne Jabez, ƙaninta, shekara biyar ta ba ni.

A gida ba a cika kiran sunanta ba, wench ɗinmu ake cewa. A yankinmu kowace mace wench ce in dai taka ce, daga jaririya cikin tsumma har tsohuwa mai dogara sanda. Tsoho Eli Priest, wanda yake yi mana wa'azi a coci in fasto bai zo ba, ya taɓa gaya mana cewa a zamanin kakannin kakanni kalmar ba ta mata kaɗai ba ce, kowane ƙaramin yaro da ita ake kiransa. Daga baya masu hali suka mai da ita sunan 'yar aikin da take goge musu daɓe, daga nan ta ƙara gangarawa ta zama sunan macen da ba ta kama kanta ba. Mu dai labarin bai iso mu da wuri ba, muka ci gaba da kiran 'ya'yanmu da ita.

Maƙerar ɗan ɗaki ne na bulo mai murhu biyu, taga ba gilashi. Tana da shekara goma babarmu ta sa Zillah jan zugazugi, tana da sha uku aka ba ta murhunta. Manyan sarƙoƙi na jiragen ruwa aikinmu ne maza a masana'anta, ƙananan kuwa, na ɗaure shanu da na rijiya, na mata ne a gida. Za ta yanke sandar ƙarfe, ta gasa, ta lanƙwasa, ta zura a cikin zoben baya, ta sake gasa bakin har ya yi fari, sannan ta daka da guduma ya haɗe. Kowace daka sai tartsatsi ya tashi, kuma a jikinta yake sauka. Kafin ta kai ashirin hannuwanta da ƙirjinta sun cika da fararen ɗigo. A cikin taro ko maƙeriya ba ta buɗe baki ba an san ta.

Ta auri Reuben Tromans bayan yaƙin duniya na farko. Ya dawo da huhun da hayaƙin guba ya cinye, ya yi shekara huɗu yana tari, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Iris.

Al'adar matan layinmu ita ce a rataye jariri cikin akwati a jikin sandar zugazugi, uwa tana ja, akwati yana lilo, yaro yana barci. In ya fara rarrafe a ƙasan maƙera zai yi. Zillah ta ce ita 'yarta ba za ta taka nan ba. Ta riƙa kai ta wurin wata tsohuwa a ƙarshen layi, da ta yi wayo kuma ta nuna mata bakin ƙofar maƙera ta ce nan ne iyakarta.

Tamar Bloomer ce take aiki a murhu na biyu, mace mai baki. In ta hango Iris a tsakar gida da farin gaban riga sai ta ɗaga murya: "Ranki ya daɗe, gimbiya an tashi lafiya? A shimfiɗa miki darduma ko za ki taka ƙasa irin tamu?"

Zillah takan ce, "Tamar, dubi ƙirjinki kamar rariya, sannan ki ce in ba 'yata irinsa."

"Ai da rariyar nan na samu miji, har yanzu bai yi ƙorafi ba."

Akwai abu ɗaya da kowane ɗan maƙera ya sani: ƙarfe in ja ya bar shi ya koma baƙi, zafinsa yana nan. Ba ma taɓa ƙarfen da ke ƙasa sai mun tofa masa yawu mun saurara. Ba wanda yake koya maka wannan da baki. Kana shekara biyu za ka taɓa da kan yatsa, ka yi kukanka, ya warke cikin mako, shi ke nan ka iya har kabari. Iris ba ta taɓa samun wannan ƙaramar ƙunar ba.

Wata Asabar da rana, a shekarar 1927, na je taya Zillah ɗaukar sarƙoƙin mako zuwa wurin dillalin da yake karɓa. Ta gama ta ƙarshe ke nan ta jefar a ƙasa, ta juya tana kashe wuta. Iris tana da shekara bakwai. Ta ga ina tattara kaya, ta ga uwarta ta juya baya, sai ta tsallako bakin ƙofa don ta taya kawunta. Bakin sarƙar nan da aka gama yanzu ta kama, da dukan tafin hannunta na dama. Ba ta saki nan take ba, fatar ta manne.

Zillah ta tsoma hannun a kwamin da muke sanyaya awartaki, ruwa baƙi ƙirin, ta shafa kitse ta ɗaure da tsumma. Haka kowa yake yi, haka aka yi mana. Sai a kwana na tara, da hannun ya fara wari, muka kai ta wurin likita. An ceci hannun, amma yatsu uku sun naɗe cikin tafi, ba su ƙara miƙewa ba.

Tamar ba da mugunta ta faɗa ba, na san haka. Ta ce da an bar yarinyar ta ƙone tun tana rarrafe kamar 'ya'yan kowa, da ba a kai ga wannan ba. Shekara huɗu Zillah ba ta yi mata magana ba, ga shi murhunsu kafaɗa da kafaɗa, a kwami ɗaya suke tsoma awartaki.

Na zaci abin zai sa Zillah ta sassauta, sai ya ƙara mata tauri. Ta ce tunda hannu ya tafi, da kai za a ci abinci. Ta riƙa fara aiki kafin kowa, ta tashi bayan kowa, burodi da kitse da shayi su ne abincinta, Iris kuwa da takalmi da littattafai. Iris tana da sha ɗaya ta ci jarrabawar shiga babbar makarantar 'yan mata, ita kaɗai a layinmu. A ranar, Zillah ta dafa wake da naman alade ta aika wa Tamar kwano ɗaya, a nan gabarsu ta ƙare.

A makarantar ne wata malama ta ji Iris ta kira ƙawarta wench. Ta tsayar da ita a gaban aji, ta ce wannan sunan matan titi ne, ba a faɗarsa a inda ake da tarbiyya. Iris ta dawo gida ta tsaya a bakin ƙofar maƙera.

"Mama, kada ki ƙara kirana da sunan nan."

Zillah ta ajiye guduma. "To da me zan kira ki, 'yar nan?"

"Ai ina da suna."

Zillah ta bi umarnin, mu ma ta hana mu. Ba ta ji haushi ba. Har ta gaya wa Tamar da alfahari, wai yarinya ta fara gyara wa manya magana.

Iris ta zama malamar makaranta a Birmingham. Kullum da safar hannu, rani da sanyi. Bayan yaƙin duniya na biyu ta samu miji, Gerald, akawu ne, iyayensa suna da gida mai lambu a Solihull. Mako biyu kafin bikin ta kawo wa uwarta ƙunshin kaya: doguwar riga mai rufe wuya da safar hannu mai kaiwa gwiwar hannu. Ta ce ta gaya wa dangin mijin dutsen guga ne ya ƙona ta, uwarta kuma ɗinki take yi. Ta roƙa kada a cire safar ko wajen cin abinci.

Zillah ta juya safar a hannunta ta ce tana da kyau.

A wurin cin abincin uwar ango ta tambaye ta me take ɗinkawa, ta ce duk abin da aka kawo. Ta yi komai daidai. Ni ne na ɓata. Tunda babu uba, aka ce kawu ya tashi ya yi wa amarya fatan alheri. Na miƙe da kofi a hannu, abin da na shirya ya gudu, abin da bakina ya saba ya fito, na ce Allah ya ba wench ɗinmu zaman lafiya. Uban ango ya ɓoye dariyarsa cikin kofi. Ba zan ce wannan ne ya raba su ba, don tsagewar ta riga ta daɗe, amma ban taimaka ba.

Da farko Iris takan zo sau ɗaya a shekara, ita kaɗai, ta sha shayi ba ta cire kwat ba. Daga baya sai kati lokacin Kirsimeti. Ta haifi 'ya'ya biyu maza. Sau ɗaya Zillah ta gan su, a shagon shayi na tashar jirgin ƙasa, aka ce musu su gaida Mrs Tromans. Duk da haka kowace Lahadi bayan coci sai ta share ɗakin gaba, ta hura wuta a ciki, ta fito da kofuna masu kyau, ta zauna kusa da taga har lokacin bas na ƙarshe na yamma ya wuce. In na yi magana takan ce, "Jabez, ai abin da na yi wa aiki ke nan. Na so ta fita, ta fita. Za ta zo in ta samu sarari."

A 1964 aka rushe layinmu, gidaje da maƙeru baki ɗaya. Aka ba Zillah ɗaki a hawa na takwas na wani dogon bene. Ba murhu, ba tsakar gida, Tamar kuma an kai ta wata unguwa. Nakan same ta a zaune tana buɗe hannu tana rufewa a kan cinya. Damuwarta ɗaya ko Iris za ta gane sabon wurin. Sau uku ta sa na rubuta mata kwatance, har da lambar bas.

A kusa da inda ake jiran bas ɗin akwai gidan giya da ya fara wani sabon salo: ranar Juma'a 'yan mata su sa tufafin mutanen da, wuya a buɗe har ƙirji, su riƙa kai wa maza giya a manyan tuluna, maza suna ihu suna kai musu hannu. An manna takarda a taga ana neman ma'aikata, da kalmar nan tamu a rubuce da manyan baƙaƙe. Jikar Tamar ma ta shiga aikin. Zillah ta sa na karanta mata takardar, don idonta ya yi rauni. Ta daɗe tana kallon hoton da ke jiki, sannan ta ce, "Ashe gaskiyar Iris ce." Daga ranar ban ƙara jin kalmar a bakinta ba.

A ƙarshen Oktoba na 1971 ɓarin jikinta ya shanye, aka kwantar da ita a asibiti. Na rubuta wa Iris, ba amsa. Na sake rubutawa, na ce likita ya ce kwanaki ne. Ranar wata Laraba da rana ta shigo, mace mai shekara hamsin da ɗaya, da hula da jaka, maganarta irin ta masu karanta labarai a rediyo. Shekara goma sha huɗu rabonsu da ganin juna.

Zillah ta dube ta, ta yi ƙoƙarin gyara zama. Ta ɗauka matar ofishin kula da tsofaffi ce.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Jabez, ba ta kujera mana."

Iris ta zauna. Ta tambaye ta ko tana bukatar wani abu, ta ce a'a, ana kula da ita sosai. Sannan Zillah ta shiga ba ta labari, da rabin bakin da ya rage mata: tana da 'ya a Solihull, shugabar makaranta ce, tana da miji da yara biyu da mota. Ta ce ko an ga suna a takarda kada a dame ta, aiki ya yi mata yawa.

"Ke da kika yi karatu kin san yadda abin yake," in ji ta.

Iris ta ce ta sani.

Ta juyo ta dube ni. Ni ina jira ta ce Mama, ita kuma, yanzu na gane, tana jira in ce ga Iris. Muka yi ta jiran juna har mai jinya ta zo da keken shayi. Iris ta miƙe, Zillah ta yi mata godiya da ta ɓata lokacinta a kan tsohuwa.

A baranda Iris ta tsaya tana gyara maɓallin kwat. Ta ce, "Kawu, me ya sa ba ka gaya mata ba?"

Na ce ban ga nawa ne faɗa ba. Ta duba agogo ta ce bas ɗinta ƙarfe huɗu da kwata ne.

Zillah ta ƙara kwana tara. Kullum in na zo sai ta tambaye ni ko na rubuta wa Iris. In ce na rubuta. Ta ce in daina damun yarinya, za ta zo in ta samu sarari. Ran na goma na hau bene da lemun da ta ce tana sha'awa, na tarar an naɗe katifar.