Hajiya da Waƙoƙin 'Yar Japan

Shekarar da ƙaramar hukuma ta rufe cibiyar yara ta unguwarmu, Longsight, a birnin Manchester, a shekarar ce surukata ta zo daga Kano. Lokaci ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, yau ka ji an rufe laburare, gobe an sallami ma'aikata. 'Yata ba ta daɗe da shiga sakandare ba, kuma a cibiyar nan take zama bayan makaranta har in taso daga aiki. Da aka garƙame wurin sai ta koma zaman gida.

Hajiya kuwa fitarta takaba ke nan. Mijina da yayansa da ke Birmingham suka ga gara ta zo ta sha iska a wurinmu. Na san ta da hira da ba'a, amma wadda muka ɗauko a filin jirgi ba ta magana sai ta kama dole. Mutanenmu na Manchester, ɗalibai da likitoci da matansu, suka yi ta zuwa yi mata gaisuwa. Ta amsa, ta yi godiya, suna fita ta shige ɗaki.

Daga la'asar zuwa magariba ita da jikarta kaɗai ne a gidan. Abin ya dame ni, don yarinyar Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, Hajiya kuma ba ta jin Turanci, balle irin na 'yan Manchester.

A lokacin 'yata ta haukace a kan wata mawaƙiyar Japan. Budurwa ce mai siririyar murya kamar ta ƙaramar yarinya, gashi ruwan hoda, riga bajajja cike da 'yan tsana, tana tsalle tana murmushi daga farkon waƙa har ƙarshe. Ni dai hayaniya na ɗauki abin.

Wata rana na dawo da wuri na iske su a kujera ɗaya, kwamfuta a cinyar yarinyar, Hajiya da carbi a hannu ta zuba wa mawaƙiyar ido. Kunya ta kama ni, na miƙa hannu zan kashe. Hajiya ta ɗaga mini yatsa, ta ce in tambayar mata me 'yar nan take faɗa. Na tambayi 'yata, ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ma ba ta sani ba.

"Ashe dukanmu baƙi ne," in ji Hajiya. Ta yi dariya, ta farko tun zuwanta.

Daga nan abin ya zame musu al'ada. Yarinyar na shigowa, Hajiya ta idar da salla, sai a kunna. Akwai waƙa guda da ta fi so, takan nuna da hannu a maimaita. Ba ta koma mai hirar da na sani ba, amma ta fara cin abinci a falo tare da mu.

Da rabin zamanta ya wuce sai yayan mijina ya zo ya tafi da ita gidansa a unguwar Perry Barr, can Birmingham. Mutumin kirki ne, sai dai a gidansa ba a sa kiɗa. Ba a jima ba matarsa ta kira ni, ta ce Hajiya ta daina fitowa, kuma tana jin ta tana gunguni da wani abu a ɗaki, ko wata addu'a ce da ba su sani ba? Nan take na gane waƙar 'yar Japan ɗin nan ce.

Ranar Asabar muka shiga mota muka je. Ana gama gaisawa 'yata ta zauna gefen kakarta, ta ciro wayarta, ta sa mata abin jin sauti ɗaya a kunne, ta sa ɗayan a nata. Maigidan ya leƙa wayar, ya ɓata rai, ya ce cikin ladabi wannan shirmen bai dace da Hajiya ba, ga karatu a sa mata.

"Karatuna yana nan, ban bar shi ba," in ji Hajiya. "Amma tun da babanku ya rasu, duk wanda ya buɗe baki a gabana haƙuri yake ba ni. Wannan 'yar ce kaɗai ba ta san an yi mini mutuwa ba. Ka bar mu."

Ya tashi ya kawo mana shayi da kansa.

Da bizarta ta ƙare ta koma Kano. Damina na zagayowa ta rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya, ba wanda ya sami jana'iza a cikinmu. Ranar da labarin ya zo 'yata ba ta yi kuka a gabana ba. Ta same ni a kicin ta tambaye ni da Turanci yadda ake yi wa mutum ta'aziyya da Hausa. Na gaya mata, ta maimaita har ta riƙe. Sannan ta je falo ta durƙusa gaban babanta ta faɗa masa.