Ƙarshen da Na Ƙona

Duk wanda ya tambaye ni inda na koyi rubuta labaran aljanu da garuruwan ƙarƙashin ruwa, sai in ce masa a jami'a, don a zauna lafiya. Ƙarya nake yi. A gaban kaskon turaren wutar kakata na koya, a unguwarmu ta Shehuri, kuma da ɓarna na fara.

Kaka Falmata ita ta haifi babanmu, sana'arta haɗa turaren wuta. Daga unguwar Wulari har ta Gomari, uwar amaryar da ta san abin da take yi wurinta take zuwa. Wuni take tana dakan icen sandal da kajiji, ta soya da sukari da turaruka, ta ɗura a kwalabe ta tura ƙarƙashin gado. Sai sun yi makonni za ta jawo ɗaya ta kai hanci, ta ce ko dai "Ya kama," ko kuma "Bai kama ba." Da waɗannan kalmomi take yanke wa komai hukunci, daga miyar kuka har wa'azin rediyo.

Bayan sallar isha'i sai ta fito da kasko tsakar gida, ta zuba garwashi, ni da yayata Fanna mu zauna a gefen tabarmarta. Tana da doka guda wadda ko Babanmu bai isa ya karya ba: tatsuniya da turare tare suke tafiya. Za ta ɗebi kaɗan da yatsu uku ta barbaɗa a wuta, ta ce, "Hayaƙi ya tashi, ga ta nan tafe." Mu ce, "Ta iso mu ji ta." Muddin hayaƙin na tashi, bakinta na motsi. Da ya ɗauke, ko a tsakiyar magana take, sai ta karkaɗe hannu ta ce, "Hayaƙi ya ƙare, ƙarya ta ƙare. Ku tashi." Da Hausa take ba mu, don ita muka fi ji, amma in labari ya yi zafi sai ta zarce da Kanuri, mu bi ta da ido kawai.

Ina shekara tara ta ɗauko mana labarin Amsa. Amsa 'yar masunci ce a bakin Tafkin Chadi. Wata safiya mutanen garinsu suka tashi suka tarar ruwa ya yi ƙaura, ya bar kwale-kwale a kife bisa taɓo. Maza suka zauna suna gardamar laifin wane ne. Amsa kuwa ta ɗaura zani, ta bi sawun ruwa da ƙafa don ta tambaye shi abin da aka yi masa. Dare shida Kaka tana jan mu a wannan tafiya, kullum yatsu uku. Amsa ta cire wa wani tsohon kada ƙaya a ido, ta kwana a garin da mutanensa ke noma gishiri, har ta isa wata bukka a tsakiyar rairayi. A ciki ta sami wata tsohuwa ta ninke tafkin gaba ɗaya kamar zani, ta yi matashi da shi. Tsohuwar ta ce, "Zan koma garinku da ruwan, amma sai kin ba ni abu guda wanda in kin bayar ba za ki sake samunsa ba." Amsa ta buɗe baki za ta amsa.

Nan hayaƙi ya ɗauke.

Wallahi daren nan da takaici na kwana. Washegari kuwa na shirya. Kaka na barbaɗa nata, ta juya za ta gyara lafayarta, sai na zaro kwalbar da na sato a ƙarƙashin gado na juye ta kaf a kan garwashin. A lissafina, in yatsu uku na sayen guntun labari, kwalba guda za ta saya mini shi har ƙarshe, da ƙarin wasu biyu.

Kai! Hayaƙi ya turnuƙe gidan, baƙi, mai ɗaci, don sukarin ya ƙone. Fanna ta ruga tana tari. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna salati, sun ɗauka gobara ce. Turaren kuwa na wata amarya ne a Wulari, wata biyu yana tsumuwa, kuma jibi za a zo karɓa. Garin neman ƙiba na samo rama.

Kaka ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da tarinta ya lafa ta dube ni da jajayen idanu.

"Yagana, uwar gaggawa. Kin san abin da kika ƙona?"

"Turaren amarya, Kaka."

"Wannan zan je in ba su haƙuri. Ƙarshen labarin Amsa kika ƙona. Yana cikin kwalbar nan. In kina so, sai ki nemo shi da kanki."

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ina! Ta ci gaba da ba mu wasu tatsuniyoyin, amma Amsa na nan tsaye a bukka da baki buɗe. Da abin ya ishe ni sai na fara ƙirƙiro ƙarshen ina kawo mata. Na ce Amsa ta ba da 'yan kunnen gwal. Kaka ta ja hanci kamar tana shinshina kwalba ta ce, "Bai kama ba. Ana sayen wasu." Na ce ta ba da muryarta. "Bai kama ba." Na ce ta yi wa tsohuwar wayo ta fizge tafkin ta gudu. "Ke kika ga alamar sata a Amsa? Halinki kika ba ta." Na cika littattafan makaranta da ƙarshe iri-iri, har malamin lissafi ya kama ni. Ban san sana'a nake koya ba.

Na girma, na koma Kano, na rubuta littattafai. Masu fim suka fara nemana in rubuta musu, na saba da daraktan da zai ce in saka waƙa a inda ake makoki. Mutane na cewa ina da kai. Amma labarin Amsa yana cikin akwati, an rubuta komai sai shafin ƙarshe, domin ni a raina akwai ƙarshe na gaskiya, yana wurin Kaka, nawa duk jabu ne. Duk zuwan da zan yi gida sai na roƙe ta, ita kuma ta yi dariya ta ce, "Ai kin ƙona."

Bara wani mai shirya fim ya karanta shi ya ce yana so, in kawo masa cikakke bayan Babbar Sallah. A makon ne kuma Fanna ta kira ni. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce, "Jikin Kaka ya yi nisa, idonta ma ya tafi. In kina da abin tambayarta, ki taho." Tsoro ya kama ni, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: rabin tsoron na rasa ta ne, rabi na kada ta tafi da ƙarshen nan.

Na same ta a kan tabarmar, ta ƙanƙance. Bayan isha'i na hura garwashi da kaina na ajiye kasko da kwalba kusa da hannunta.

"Kaka, don girman Allah. Me Amsa ta ba tsohuwar?"

Ta yi dariya har sai da Fanna ta tallafe ta.

"Yagana, har yanzu? To bari in faɗa miki, kada in je kabari da hakkinki. Ni ma ban sani ba."

"Kaka!"

"Wallahi. Ba wanda ya ba ni labarin nan. Da rana ina daka nake haɗa na dare. Shi ya sa yatsu uku, iya abin da na tanada ke nan. Ran nan na wuni ina nema ban samu ba, ina ta addu'a Allah Ya rufa mini asiri a gaban jikoki, sai ga ki da kwalba."

Shekara talatin! Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa duka biyun. Da na natsu sai ta lalubi kwalbar, ta ɗebi yatsu uku ta barbaɗa.

"An ce ke ce mai ba duniya labari yanzu. To bismillah."

Na ce, "Hayaƙi ya tashi, ga ta nan tafe."

"Ta iso mu ji ta," in ji Kaka.

Ban shirya komai ba. Na ce Amsa ta lura tsohuwar ba fushi ta yi ba, hanya ce ta ɓace mata, tana jin kunyar faɗa. Sai Amsa ta ce, "Na ba ki sawuna." Tsohuwar ta warware tafkin, ruwa ya bi sawun Amsa ɗaya bayan ɗaya yana cikawa, ta garin gishiri, ta wurin kada, har ƙofar gidan ubanta. Gari ya samu ruwa. Amma ruwan ya shafe sawun, Amsa ta tsaya a waccan gaɓar ba ta da hanyar komawa. Sai ta tara itace ta hura wuta, don mutanen gidansu su ga hayaƙi su san tana raye. Ina cikin faɗin yadda ubanta ya hango shi, hayaƙin kaskon ya ɗauke. Na yi shiru, don doka doka ce.

Na sha tunani a kan abin da na ɗauka daga wurinta. Ina yarinya na ce darasin shi ne sauri ya haifi nawa. Yanzu na ga abin da ta ba ni ya fi haka: ta bar mini gurbi, kuma ba ta taɓa yi mini ƙaryar cewa abu ya yi kyau don tana sona ba. Kwana goma sha ɗaya bayan wannan dare ta rasu. Fim ɗin ya fito da ƙarshen nan, ban bari an taɓa ko kalma ba.

A daren dai na zauna ina jiran hukunci kamar 'yar shekara tara. Kaka ba ta ce ya kama ba, ba ta ce bai kama ba. Hannunta na gani yana lalube a kan tabarma har ya sami kwalbar. Matar da ba ta taɓa ƙara wa kowa ko ƙwaya ba ta sake ɗebo yatsu uku ta zuba a wuta.

"Ci gaba," ta ce. "Sai uban ya yi yaya?"