Sodangi Bari-Ta-Fito da Iyakar Gonar Iyatu

Duk wanda ya taɓa sauka a bakin titin Kankia yana neman inda za a buga masa takarda ya san Sodangi, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne mai shagon nan na kusa da masu faci, wanda yake lulluɓe kwamfutarsa da tsohon zanen atamfa kamar mai jego. Shagona na ɗinki yana jikin nasa, langa-langa ce kawai tsakaninmu, ko tari ya yi sai na ji. Ni ce Kulu, taubashiyarsa. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, can Ƙofa ta ƙasar Kusada. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa da izinin wasa zan faɗa, in ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Ba malalaci ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya ne tak: abin da ke hannunsa bai taɓa kai wanda bai iso ba. Yana yaro aka ba shi ɗan akuya, ya ce shi na cikin cikin uwar yake so. Ya shekara bakwai yana bin motar haya tsakanin Kankia da Kusada, wai an ce masa akwai sabon babur da zai fito wanda ba ya shan mai sosai. Ko auren Ma'u ma, ba don ta tsare shi a zaure ta ce ko ya fito ko ya ba masu niyya wuri ba, da yanzu yana nan yana jiran a haifi wadda ta fi ta.

Amma fa a aiki, a ba shi abinsa. A kan tafireta ya koyi bugu a sakatariyar Kusada, in ya kama yatsunsa ba sa tsayawa. Da aka daina yayin tafireta ya koyi kwamfuta, ya buɗe shago. Takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, takardar sayen fili, wasiƙar ban haƙuri ga shugaban makaranta, duk shi ne. Injin nasa tsoho ne, in ya kunna shi sai na gama ɗinka hannun riga ɗaya kafin ya farka, amma yana yi.

A farkon daminar da ta biyo bayan shekarar korona ne abin ya same shi. Ya ga wani bidiyo a waya, wai masu yin babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta, wadda in babu ita injin akwati ne kawai, za su fitar da sabuwa kafin ƙarshen shekara. Ya leƙo shagona idonsa yana ƙyalli.

"Kulu, kin san abin da ke tafe kuwa?"

"Ruwa," na ce. "Ga hadari can gabas."

"Ke dai ba ki san komai ba sai zare da allura. Sabuwa ce za ta fito! Daga ranar na daina wahalar da yatsuna. Magana kawai za ka yi, ta rubuta."

"Da Hausa?"

"Har da Katsinanci."

"To Allah ya kawo ta lafiya. Fura ma za ta dama maka, ko sai wadda za ta biyo bayanta?"

Bai kula ni ba. Daga wannan rana babu zance a bakinsa sai na Sabuwa, kuma kullum da ƙarin da za a samu. Ran Litinin ba ta sanƙarewa. Ran Laraba ko an ɗauke wuta aikinka ba ya ɓacewa. Kafin Juma'a ta koyi leƙo gona daga sama ta zana maka taswirarta. Na rantse waɗanda suka ƙera ta ba su san tana da rabin abin da Sodangi ya ba ta ba. Direbobin tasha suka sa masa Bari-Ta-Fito, shi kuma ya amsa, har yana jin daɗi.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za mu sha. To amma akwai Iyatu.

Iyatu kakarmu ce, ta haura tamanin, bakinta kuwa ko na budurwa albarka. Gonar gandunmu tana Ƙofa, kuma a kusurwarta ta wajen fadama akwai rijiya da mangwaro uku da marigayi kakanmu ya dasa da hannunsa. Maƙwabcin gonar, Mamuda, mutum ne mai fara'a da yawan gaisuwa, amma gambar da ke kan iyakarsa tafiya take yi. Kowace damina sai ta matso taku ɗaya, ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ganin an taɓa ta. A shekarar har ta tsallako mangwaron da rijiyar. Asalin iyakar wani marke ne da aka sare tun kafin a haife mu, kututturensa yana binne a ƙasa, kuma duk waɗanda suka san wurin sun rasu sai Iyatu.

Mai unguwa ya ce ba a tona gona da shuka a tsaye, sai an yi girbi. Amma ya ce tun yanzu a rubuta abin da tsohuwa ta sani, ta dangwala yatsa, shaidu su sa hannu, domin rai ba a bakin komai yake ba. Magana mai sauƙi. Ga jika mai shagon buga takarda.

Ran kasuwa sai ga Iyatu da kanta, an sauke ta daga akori-kura da sandarta. Ta zauna a bencin Sodangi, na shigo gaishe ta da littafin awona a hannu da biro a bayan kunne, don ina cikin auna wata mata na ji muryarta.

"Kai mijin banza," ta ce masa, don haka take kiransa tun yana cikin zane, "yaye ma wanga akwati zane ka rubuta. Yau bakina da lahiya."

"Tsohuwa, kin zo a kan gaɓa, amma kin yi sauri da wata uku."

"Mi?"

Ya gyara zama ya fara karanta mata falalar Sabuwa. Za ta ji muryarta ta adana, jikokin jikoki su ji. Za ta zana gonar da rijiya da komai. Takardar da za ta fito, Mamuda yana ganinta zai sume. Me za a yi da baƙin rubutu tsirara irin na da, alhali ga wannan tafe?

Iyatu ta dube shi, ta dube ni. "Kulu, ciwon nan nashi ba a samo magani ba har yau?"

Na yi dariya har da riƙe ciki.

Ba ta fasa ba. Ta fara jerowa tana buga sanda a ƙasa: daga tsamiya mai kogo a miƙe zuwa baƙin dutse, daga dutse zuwa gawo, daga gawo a gangaro fadama. "Shi ko marken, in ka ba rijiya baya ka fuskanci inda rana ka faɗuwa da rani, sai ka ƙirga taku..."

"Tsaya nan!" Sodangi ya ɗaga hannu. "Kar ki ɓata shi a iska. Wannan shi ne naman, ki ajiye wa Sabuwa ta ji daga bakinki."

"Allah shi shirye ka," in ji Iyatu. Ta tashi ta ce a kai ta wajen masu goro.

Sau biyu tana aiko masa daga baya. Na farko ya ce a gaya mata saura wata biyu. Na biyu ya aika mata da tsire da saƙon cewa an kusa. Ma'u ta yi masa magana, ya ce mata gaggawa aikin shaiɗan ce. Ni kuwa kullum sai na leƙa na tambaye shi ko baƙuwar ta sauka a tasha, in aika a ɗauko mata kaya.

Cikin marka, wata safiya Iyatu ta fito alwala ta faɗi a tsakar gida. Aka kawo ta asibiti. Rai ya tsaya, alhamdu lillahi, amma ɓarin dama ya shanye, kuma bakin nan da ya gagari Ƙofa shekara tamanin ya rufe. Tana ji, tana gane mutane, in ka yi abin haushi tana harararka. Magana ce babu. Ranar da muka je duba ta, Sodangi ya tsuguna ya ce, "Tsohuwa, mijinki ne." Ta kafe shi da ido har sai da ya sunkuyar da kai. Wallahi tausayinsa ya kama ni, kuma na so in mare shi, duk a lokaci ɗaya.

Da kaka ta yi, Sabuwa ta fito. Ya share shago, ya yaye zanen, ya sa sabuwar hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Tun hantsi nake jin motsinsa ta bayan langa-langa, har azahar ta wuce. Can na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Yana zaune hannu biyu a ka.

"Ta sauka?"

"Ta ce injina ya tsufa. Ba za ta zauna a kansa ba."

Irin wannan damar ta yin tsiya ba kullum take samuwa ba, amma sai na koma kan kekena na bar shi. Daga baya ya je wajen wani mai sabon inji a Katsina ya gan ta da idonsa. Ya dawo ya ce mini tana da kyau, an gyara mata fuska, an matsar da wasu abubuwa tsakiya. Na ce Katsinancin fa? Ya ce in rabu da shi.

Bayan an kwashe dawa mai unguwa ya sa rana. Aka shimfiɗa katifa a amalanke, aka ɗora Iyatu, shanu suka ja ta a hankali zuwa gona. Ga mai unguwa, ga Mamuda yana ta yi mata sannu har da cire hula, ga dattawa uku. Sodangi yana biye da amalanken da farar takarda da biro, irin aikin da ko ɗan firamare zai iya tun watanni huɗu da suka wuce.

Ta nuna tsamiya da hannun hagu, ya rubuta. Ta nuna dutse, ta nuna gawo, babu gardama, dama kowa ya san waɗannan. Da aka gangaro fadama aka juya amalanken ta ba rijiya baya, sai ta ɗaga hannun. Hannun ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya nuna nan, ya zame ya nuna can, tsakaninsu ya fi taku ashirin. Leɓenta yana motsi, muna ganin tana ƙirgawa a ciki, lambar tana nan a kanta. Sodangi ya matsa ya ce, "Goma? Sha biyar? Tsohuwa, ki matse hannuna in na faɗi daidai." Ta matse a sha biyar, ta sake matsewa a talatin, daga nan ta riƙe hannun kawai ta ƙi saki, hawaye yana bin gefen fuskarta.

Ya jefar da takardar ya karɓi diga. Mutumin da bai taɓa ɗaga abin da ya fi ƙunshin takarda nauyi ba, ya tona rami biyar a ranar, hannunsa ya fashe, farar rigarsa ta koma ja. Ba kututture, sai tsakuwa da saiwar ciyawa. Da la'asar mai unguwa ya ce ya isa. Shi ba zai yi hukunci da abin da ke cikin ƙasa ko cikin zuciyar mara lafiya ba, sai da abin da ido ya gani, kuma abin da ido ya gani gamba ce. Mangwaro uku da rijiya suka faɗa wajen Mamuda.

Da bazara ta yi, mangwaro ya nuna. Muna zaune a ɗakin Iyatu ni da Sodangi da Ma'u sai ga matar Mamuda da sallama, ɗauke da kwano cike, wai maigidan ya ce a kawo wa tsohuwa ta ɗan taɓa, na gonarsa ne, bana ya yi zaƙi. Iyatu ta dubi kwanon. Ta san kowanne daga wace bishiya ya fito. Ta yunƙura da ƙyar ta juya fuskarta bango, kuma ba ta juyo ba har muka tafi. Ba ta kai daminar ba, rai ya yi halinsa.

Sodangi yana nan a bakin titi da tsohon injinsa. Yanzu in ka kawo takarda, kafin ka gama zama ya fara bugawa, in an ɗauke wuta ya ɗauko biro. Direbobi ba su daina kiransa Bari-Ta-Fito ba, sai dai ya daina amsawa. Kwanaki wani ya zo yana ba shi labarin wata sabuwar da za ta fito, ya ce masa in yana da aiki ya kawo, in babu ya ba mutane benci.

Ni ma na rage yi masa tsiyar, kuma ba don kirki ba. Tsohon littafin awona yana nan a ƙasan keken ɗinki. Shafin ranar kasuwar nan yana ɗauke da awon matar da na bari a tsaye: kafaɗa, hannu, tsawon riga. Daga nan zuwa ƙasa fari ne fes. Ina tsaye a wurin, biro yana bayan kunnena, na yi makaranta har aji shida na sakandare, kuma ba wanda ya riƙe mini baki. Da na ce, "Iyatu, taku nawa?" da ta faɗa. Dariya nake yi.