Hutun Dolen Ba-Fashi

Shekara ashirin da uku Ba-Fashi ya yi yana yanka sabulu a masana'anta ɗaya, kuma abokan aiki ba su laƙa masa sunan nan a banza ba. Ranar da matarsa ta haifi 'yarsu ta fari, leƙa ɗakin ya yi, ya ce "Sannu da arziki," ya zari takalmi ya wuce aiki.

Teburinsa na ƙarfe yana ƙurya, jikin taga. Dunƙulen sabulu zai fito da ɗuminsa, ya ɗora wayar yanka ya danna, sanduna goma sha biyu su faɗo kamar uwa ɗaya ta haife su. Soda ta cinye zanen yatsunsa tas.

Kada wani ya ce ƙwazo ne. Tsoro ne. Yana saurayi ya yi aiki a gidan burodi, zazzaɓi ya kayar da shi kwana biyar, ya dawo ya tarar da wani a bakin tanda, sanye da rigar aikinsa ma. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

To, wata rana ma'aikatan ofishin ƙwadago suka zo suka duba masana'antar, suka ja wa mai ita kunne. Washegari akawu ya kira Ba-Fashi.

"Baba, daga gobe kana hutu. Wata guda, albashinka na nan."

"Me na yi, ɗana?"

"Ba ka yi komai ba, doka ce."

Ya miƙa masa takarda. Ba-Fashi da boko sai kallo, ya ninke ta ya cusa a aljihu kamar sammaci. A ransa ya gama yanke hukunci: kora ce, an dai shafa mata mai.

Bai gaya wa kowa a gida ba. Kullum da safe sai ya sa rigar aiki ya fita, ya zauna a bencin mai facin taya da ke kallon masana'antar. Ta tagar nan yana hango wani ƙato a teburinsa, riƙe da wayarsa.

"Baba," in ji mai faci, "in gadi kake nema ka faɗa mini. Bencin nan har ya fara ɗaukar siffarka."

Amma namiji bai isa ya ɓoye wa mai wanke masa kaya komai ba. Ran kwana na tara matar ta ɗaga rigar ta shinshina.

"Malam, shekara ashirin soda na tsaga mini hannu. Yau kuma warin taya nake ji. Yaushe sabulu ya koma roba?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun sallame ni, cikin ladabi."

"Da bakinsu suka faɗa?"

"Ai ba sai an faɗa ba."

"Oho, wahayi aka yi maka. Ba ni takardar."

Ta tasa shi gaba har ofishin ƙwadago, yana tafe yana jan ƙafa kamar akuyar da za a kai kasuwa. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta karanta takardar sau biyu.

"Baba, hutu haƙƙinka ne, ba alfarma ba ce. Ga ranar komawarka a rubuce, ga hatimi."

"In na koma na tarar da ƙaton nan fa?"

"Zai matsa. In bai matsa ba ka dawo nan, da ƙafata zan je. Yaushe rabonka da hutu?"

Ya shiga ƙirgen shekaru da yatsu.

"Tambaye shi da kyau, 'yata," in ji matar. "Jaki ma ana sauke masa kaya ya yi birgima. Nawa dai ban da shi."

Ba-Fashi ya yarda rabi da rabi. Sauran mako ukun a gida ya yi su, ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya koya wa matarsa shara, har ta yi nadamar shinshina rigar.

Ranar komawa ya riga mai gadi isa. Da aka buɗe, ya doshi ƙurya. Ƙaton na ganinsa ya saki ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi! Baba, karɓi abarka. Sau huɗu tana yanka ni. Ni daga wajen lodi aka aro ni, kullum ina addu'a Allah ya dawo da kai."

Ba-Fashi ya zauna a kan kwali, wayar a cinyarsa. Ya daɗe a haka kafin ya miƙe ya danna yankan farko.

Da rana ta take, sai ga shi ya leƙa ofishin akawu, yana sosa ƙeya.

"Ɗana, dokar nan taku, sau ɗaya ce, ko tana dawowa?"

"Duk shekara, Baba."

"To, ka sa sunana da wuri, kafin 'yan lodi su cika layi."