Na Bar Gorona A Ɗaki Don A Gan Ni A Tasha

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da bakwai. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa ina koyarwa a Yendi, na dawo gidanmu a Salaga da takardar shaida a cikin leda. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne, gwamnati na ta rage ma'aikata, duk ofishin da na leƙa sai a ce in sake dawowa. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, mutum ne mai yawan fargaba. In na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon, in na gaishe da mutum ya amsa a gajarce sai in wuni ina tunanin laifin da na yi masa. Na faɗi wannan tun farko ne don mai karatu ya gane irin mutumin da ya yi kuskuren, ba don in wanke kaina ba.

Gidanmu gidan fataken goro ne tun kakanni, ko da yake a zamanina yawancin dangi sun koma doya da hatsi. Yayar mahaifina, wadda muke kira Gwaggo, ita kaɗai ta rage da sanin ajiyar goro. Da ta ga zaman ya ishe ni, sai ta ce in kawo ɗan abin da na samu na gadon mahaifina mu saro sabon goro daga kudu a lokacin arahansa, mu riƙe shi har ya zama daushe, wato tsohon goron da ake nema ido rufe in kaka ta yi nisa. Na yi kwanaki ina juya maganar kafin na yarda, domin bayan wannan kuɗin ba ni da komai. Ta kuma haɗa ni da wani Alhaji a Bawku, tsohon abokin cinikin mijinta, wanda ke sayen daushe yana rarraba wa masu ƙetarawa da shi Burkina da Togo.

Ajiyar goro aiki ne da ba a ganinsa daga waje. Goro ba ya son iska, ba ya son rana, don haka a ɗakin ƙurya ake yi, ƙofa a saye. Daga sallar asuba nakan shiga, in kwance huhu ɗaya, in baje a tabarma, in riƙa ɗaukar goro ɗaya bayan ɗaya ina murzawa da yatsa ina neman ɗan ramin sankara, ƙwaron nan da in ya shiga goro ɗaya sai ya bi sauran. In ware mai tabo, in zubar da ganyen fita da ya bushe in shimfiɗa ɗanye, in yayyafa ruwa kaɗan, in ɗaure. Kowane huhu da ranarsa, kuma kada ya wuce kwana goma ba a buɗe shi ba. Ban cika fitowa ba sai azahar ta gabato. Har yau in na tuna ɗakin nan ina jin sanyin ƙasarsa a tafin ƙafata, da ƙamshin jiƙaƙƙen ganye, da Gwaggo zaune a kan buhu tana ba ni labarin ayarin jakuna da ta gani tana yarinya, tana kuma tsawata mini in na yi sauri, wai goro ba jarrabawa ba ce da za a ce lokaci ya ƙare. Ina zaton ban sake samun natsuwa irin ta waɗannan safiyoyin ba. Shekara biyu muka yi haka, kuma Alhajin Bawku ya yaba da kayana ƙwarai.

Sai magana ta soma fitowa daga majalisar da ke gindin bishiya kusa da masallacinmu. Da ma Karaci suke kirana, sunan da ake ba ɗan boko a wajenmu. Yanzu suka ƙara mini da Amarya. In na fito azahar sai wani ya tambaya ko amarya ta gama kwana bakwai ɗinta, wani ya ce a yi mini a hankali, hasken rana zai iya ɓata mini fata. Akwai wanda ya rantse ya ji minsharina daga bayan katanga da hantsi. Nakan yi dariya tare da su, amma in na koma gida sai abinci ya ƙi shiga. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Baffana, ƙanin mahaifina, dillalin doya wanda ba a taɓa rasa shi a kasuwa ba. Ya kira ni ya ce shi kunya yake ji, ana cewa ɗan ɗan'uwansa girman kai ya hana shi zama da mutane, yana ɓoye a ɗaki da tsohuwa. Ya ce namiji a waje ake ganinsa, kuma wanda ba a gani yana nema babu mai ba shi 'yarsa. Na so in yi masa bayanin sankara da ganye, sai ya ce shi ma ai jikan masu goro ne, kada in karanta masa lacca.

Ba zan ce Baffa mugunta ya nufa ba, a iya sanina sona yake yi. Laifin nawa ne. Na nemi rumfa a bakin tasha, na kafa tebur, na zuba ɗan goro a faranti da sabulu da ashana, na riƙa fita tun sassafe da riga a goge. Cinikin bai taka kara ya karya ba, amma kowa na wucewa yana ganina. Sunan Amarya ya mutu cikin mako guda. 'Yan majalisa suka riƙa tsayawa suna cewa yanzu Karaci ya zama mutum, ni kuma, Allah Ya yafe mini, daɗin maganar nan ya shiga kaina. Na ce wa zuciyata zan riƙa duba huhunan da la'asar, amma la'asar ɗin lokacin hira ne a tasha, kuma in na dawo a gajiye sai in kwance baki kawai, in ga na sama lafiya, in mayar. Gwaggo idonta ya riga ya yi rauni, ba ta iya ganin ramin sankara. Sau ɗaya ta yi mini magana. Ta ce ɗana, mutanen gindin bishiya sun samu mai gadinsu, shi kuma goro wa ka bar masa? Na ce mata na tsara komai. Bazara ce, zafi na busar da ganye cikin kwana kaɗan, kuma in ban manta ba wasu huhunan sun yi kusan mako shida ba a zazzage su ba.

Da lokaci ya yi na loda kayan a motar katako, muka kwana a Yendi, washegari muka kama hanyar Bawku. Alhaji ya tarbe ni da fara'a a zaurensa, ga baƙi biyu daga ƙetare suna jiran kaya. Ya gaya musu cewa goron wannan ɗan nasa ba a kwance shi, yadda ya zo haka yake wucewa. Ɗaya daga cikinsu dai ya nemi a buɗe masa ko da guda. Aka kwance, na sama ja wur kamar kullum. Da ya cusa hannu tsakiya sai ya fito da goro baƙi, ya matsa shi ya ruguje, gari na zuba ta tsakanin yatsunsa. Aka kwance na biyu, aka kwance na uku. Duk haka suke. Alhaji bai ɗaga murya ba. Bayan baƙin sun fita ya tambaye ni ko rashin lafiya na yi, ko kuwa Gwaggo ce ta kwanta. Na ce a'a. Ya ce to me ya raba ni da ɗakin? In na ce wa dattijon nan maganar mutane ce, zai tambaye ni ko su wa, kuma babu ɗayansu da ya taɓa sayen ƙwaryar goro a hannuna. Ya sa aka tsince abin da ya tsira, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, ya saya, ya ce in gaishe da gida.

Labari ya riga ni isa Salaga. A gindin bishiyar nan, bakunan da suka fito da ni daga ɗaki su ne suka ce ai da ma an sani, ɗan boko ya bar dukiyar ubansa tana ruɓewa ya je tasha yana surutu. Baffa ma ya ce shi bai ce in yi watsi da kaya ba. Wataƙila gaskiyarsa ne, bai faɗa da bakinsa ba. Gwaggo kuwa aikawa kawai ta yi aka samo ɗanyen ganye. Abin da ya rage bai isa sarin kaka mai zuwa ba, na yi shekara ɗaya ina ƙoƙari da ɗan kaɗan, a shekarar Gwaggo ta rasu, ni kuma na samu aikin koyarwa na tafi. Ban sake ajiye goro ba.

Ba ina cewa a toshe kunne daga shawarar manya ba, ni kaina na amfana da ita sau da yawa. Abin da nake ganin na koya shi ne, mai sana'ar kansa ba shi da shugaban da zai shaide shi, don haka kowa a unguwa sai ya naɗa kansa shugabansa, kuma yawanci da ido suke auna aiki, alhali wani aikin sai an rufe ƙofa yake kyau. Ina roƙon matasa masu ɗinki a gida, da masu gyara, da duk wanda ake cewa ba a ganin fitarsa, kafin ku sauya yadda kuke aiki saboda magana, ku tambayi kanku ko mai maganar ya san aikin, ko kuma yana cikin masu saye. Ku gaishe shi da ladabi, ku yi dariyar ba'arsa in kuna iyawa, sannan ku koma ga aikinku. Ranar da aka kwance kaya a gaban mai saye, ku kaɗai za a tambaya.