Mutumin da Ke Ɗanɗana Abincin Kaji

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Haɗi yake buɗe ɗakin haɗa abinci na gonar kajin da muke aiki. Ya rataye rigarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya goge sikeli, sannan ya bi buhunan masara da waken soya yana kwance bakinsu. Kowane buhu sai ya ɗebi kaɗan ya sa a harshe, ya ɗanɗana, ya tofar. Shekara ashirin da shida ya yi yana haka. Mu da muke sito mun daɗe muna tsokanarsa cewa wata rana zai wayi gari da fukafukai, shi kuwa murmushi kawai yake yi.

Ya yi ritaya a ƙarshen watan jiya, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani da idona.

A da, kusan duk abincin kajin naman da muke haɗawa sai an zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko kaza na ciwo ko lafiyarta ƙalau. Dakta, likitar dabbobin gonar, ba ta son wannan. Ta ce yau da gobe ƙwayoyin cutar sabawa suke yi, har maganin ya daina cin su. Shekara uku tana roƙon a bar ta ta gwada garin bagaruwa a madadinsa, saboda sinadarin tanin da ke ciki, wato abin nan mai bauri da majema ke jeme fata da shi. Da ƙyar Manaja ya ba ta ɗakin kaji ɗaya da mako shida. Ya ce idan kajinta suka gaza sauran kajin nauyi, an rufe maganar har abada.

Baba ɗan majemi ne, a cikin warin bagaruwa ya tashi. Dakta ta rubuta masa awon da zai riƙa zubawa, ta manna takardar a jikin injin haɗa abincin.

A mako na uku aka kawo sabon buhun garin bagaruwa, Dakta kuma ta yi tafiyar kwana biyu, wayarta ba ta shiga. Baba ya ɗanɗana, ya tofar, ya sake ɗanɗanawa, sai ya ɗaure bakin buhun. Ya gaya wa Manaja cewa baurin wannan ya fi na da nesa, kuma idan aka zuba awon da ke rubuce, kajin za su ƙi ci, su rame.

Manaja ya nuna masa takardar, ya ce shi abin da likita ta rubuta ya sani, a haɗa.

"Yallaɓai, takarda ba ta da harshe," in ji Baba. "A yi mini haƙuri, wannan ba zan zuba ba."

Saura shekara biyu ya kai fansho a lokacin, kuma kowa ya san ƙin bin umarni na iya korar mutum. Kafin la'asar an ba shi takardar gargaɗi, an ce idan ya sake, ya ajiye makulli. Ya sa mata hannu, aka ajiye ta a fayil ɗinsa. Ya karkaɗe tsofaffin buhuna, ya tankaɗe ɗan garin da ya rage, ya auna daidai, da shi kajin suka rayu kwana biyu. Ni kam tsoro na ji masa, har na ce ya zuba kawai tunda ba laifinsa ba ne. Bai ko kalle ni ba.

Da Dakta ta dawo ta kai garin ɗakin gwaji, ta tarar ƙarfinsa ya kusa ninka na farko. Ta rage awo. Ranar da aka ɗora kajin a sikeli, ba su gaza na sauran ɗakunan ba, kuma zawo bai taɓa su ba. Yanzu ɗakuna huɗu ke kan bagaruwa. An rubuta rahoto mai sunayen mutum biyar, babu nasa.

Baba, kai ne wanda ya san buhu kafin a auna shi. Kai ne ka tsaya wa kajin da ba naka ba, da aikin da ba za a kira sunanka a ciki ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu cikin lafiya. Duk wanda aka miƙa wa takarda ya yi aiki da ita, ya tuna akwai abin da sai mai taɓa kayan yake sani, kuma ya yi ƙarfin halin faɗa.

Ranar sallama, mai kula da fayil ta tarar takardar gargaɗin tana nan, ba wanda ya tuna ya cire ta. Kunya ta kama Manaja, ya miƙa hannu zai yaga. Baba ya riƙe hannunsa.

"Bar mini ita, Yallaɓai. Duk aikin bagaruwar nan, ita kaɗai ce takardar da ke ɗauke da sunana."